Vesuvius: Dutsen da Ya Yi Shiru Har Aka Manta da Halinsa

Akwai wasu hotuna da suka daɗe suna yawo a Facebook da WhatsApp. Mutane ne farare fat kamar an sassaƙa su da alli: wani ya tsuguna ya rufe fuska da tafin hannu, wani ya kwanta rub da ciki, ga wani kare ya murɗe jiki da abin wuyansa. Sau da yawa akan rubuta a ƙarƙashinsu wai mutanen Annabi Luɗu ne da aka mayar duwatsu. Ba su ba ne. Hotunan daga Pompeii suke, wani garin Romawa a kudancin Italiya, kusa da birnin Napoli na yau, wanda dutsen Vesuvius ya binne a shekara ta 79 Miladiyya, kusan shekara 500 kafin haihuwar Manzon Allah (SAW). Kuma mutanen ba dutse suka zama ba. Toka ce ta lulluɓe su ta daskare, naman ya ruɓe ya bar rami mai siffar jikin kowa. A 1863 shugaban masu tonon garin, Giuseppe Fiorelli, ya fara huda irin waɗannan ramuka yana ɗura kwaɓaɓɓen filasta, idan ya bushe a kankare tokar. Abin da ake gani a hoto filasta ne, ƙasusuwan mamatan suna ciki.

Abin da ya fi tsaya min a rai game da waɗannan bayin Allah shi ne, ba farat ɗaya mutuwa ta auka musu ba. Tsakanin fashewar dutsen da isowar abin da ya kashe mafi yawansu an yi kimanin awa 18. Mai lafiya zai iya cin ƙasa mai nisa a awa 18, kuma da yawa sun ci sun tsira. To me ya zaunar da sauran? Amsar daga ƙarƙashin ƙasa take farawa.

Doron ƙasar da muke takawa ba dunƙule yake ba. A tsattsage yake kamar ƙwaryar da ta fashe aka ɗinke, kowane ɓangare yana motsi a hankali bisa dutse mai zafi da taushi da ke ƙarƙashinsa. Ɓangaren da ke ɗauke da nahiyar Afirka, da Kano da Damagaram da duk inda muke, yana matsawa arewa yana tunkuɗar ɓangaren Turai da Asiya, 'yan milimita kaɗan a shekara, tafiyar da ko tsiron farce ya fi ta sauri. A Bahar Rum, gefen ɓangaren Afirka, wanda tsohon ƙasan teku ne mai nauyi, yana nutsewa ƙarƙashin kudancin Italiya. Da ruwa a jikinsa yake nutsewa, ruwan da ya shige cikin ma'adanan dutsen tun miliyoyin shekaru. Idan ya kai zurfin da zafi da matsi suka tsananta sai ya saki ruwan, ruwan kuma ya shiga dutsen da ke samansa ya sauƙaƙa masa narkewa, kamar yadda kanwa ke sa wake saurin nuna. Narkakken dutse bai kai na kewayensa nauyi ba, saboda haka sai ya riƙa hawa, ya taru a wani ɗaki mai zurfin kilomitoci ƙarƙashin ƙasa. Vesuvius, mai tsayin kimanin mita 1,280, bakin irin wannan ɗaki ne.

Amma ba kowane dutse mai aman wuta ne ke fashewa ba. Na tsibiran Hawaii narkakkensu tsararo ne kamar koko, iskar gas ɗin da ke ciki tana fita ba wahala, sai ya kwararo a hankali har mutane su tsaya nesa suna kallo. Duk wadda ta taɓa tuƙa tuwo ta san bambancin: ruwa zalla idan ya tafasa tururinsa fita yake salin-alin, amma da talge ya yi kauri sai ya fara ɓulɓulowa yana fallatsi yana ƙona hannu. Narkakken dutsen Vesuvius, idan ya daɗe a kwance, kauri yake yi. Yana hucewa kaɗan-kaɗan, ma'adanai masu nauyi suna daskarewa suna zama a ƙasa, abin da ya rage a sama yana ƙara danƙo, gas da tururin ruwa suna ƙara taruwa a cikinsa. Ga shi kuma gindin dutsen a kan farin dutsen da ake yin siminti da shi yake zaune, wanda idan zafi ya ci shi yakan saki ƙarin gas. A sama kuwa tsohon aman da ya sandare ya toshe maƙogwaron dutsen kamar murfi. Ma'ana, a wurin Vesuvius, doguwar shiru ba alamar lafiya ba ce. Gwargwadon daɗewarsa bai motsa ba, gwargwadon ƙarfin abin da yake tarawa.

Ya taɓa yi kafin Romawa. Kimanin shekara 2,000 kafin Pompeii ya yi wata fashewa da masana ke kira ta Avellino, ta binne ƙauyuka a yankin Nola, inda aka tono bukkoki da tukwane da ƙasusuwan awaki, da dubban sawun ƙafafun mutanen da suka gudu a kan sabuwar toka. Sai dai labarin bai kai ga Romawa ba. A zamaninsu dutsen ya yi ɗaruruwan shekaru shiru, gonakin inabi sun hau jikinsa, ƙasar kewayensa kuma tana cikin mafi albarka a duk Italiya, don tsohuwar toka taki ce. A shekara ta 73 kafin Miladiyya, a kan dutsen nan Spartacus da bayin da suka yi tawaye tare da shi suka kafa sansani. Strabo, masanin labarin ƙasa ɗan Girka, ya lura cewa duwatsun ƙololuwar sun yi kama da waɗanda wuta ta ci, ya yi zaton wuta ce ta dā da ta mutu don rashin makamashi. Titunan Pompeii da sandararren aman dutsen aka shimfiɗe su, da shi aka sassaƙa duwatsun niƙan gidajen burodi, garin kansa a kan tsohon aman aka gina shi. Suna taka shaidar kullum ba su da mai karanta musu ita. Rashin sani ya fi dare duhu.

Gargaɗin farko ya zo a shekara ta 62, lokacin da girgizar ƙasa mai ƙarfi ta rushe gine-gine da yawa a Pompeii da Herculaneum, wani gari da ke kusa da dutsen. Seneca, wani marubucin Romawa, ya rubuta cewa garken tumaki 600 ya mutu a lokacin. Bayan shekara 17, ranar da dutsen ya fashe, ba a gama gyaran garin ba: an tono gidaje da tulin farar ƙasa da kayan aikin magina a tsakar gida. Kwanaki kafin fashewar ƙasa ta yi ta rawa, amma mutanen Campania, yankin da dutsen yake, sun saba da rawar ƙasa, ba wanda ya haɗa ta da dutsen.

Mun san yadda ranar ta kasance saboda wani saurayi ɗan shekara 17, Pliny Ƙarami, wanda yake Misenum a ɗaya gefen tekun, kimanin kilomita 30 daga dutsen, tare da mahaifiyarsa da kawunsa Pliny Babba, kwamandan jiragen ruwan yaƙin Rum a yankin. Bayan kimanin shekara 25 ya rubuta wa masanin tarihi Tacitus wasiƙu biyu a kan abin da ya gani. Wajen ƙarfe ɗaya na rana mahaifiyarsa ta nuna wa ɗan'uwanta wani gajimare da bai yi kama da kowane ba. Pliny ya kwatanta shi da wata itaciyar ƙasarsu mai dogon gangar jiki da ke baje rassa a can sama kamar laima. Kwatancen ya yi daidai ƙwarai, har masana a yau suna kiran duk fashewa irin wannan da sunansa. Abin da ya faru shi ne murfin ya ɓalle, gas ɗin da ke cikin narkakken dutsen ya kumbura nan take ya tarwatsa shi ya zama kumfa da gari, ya harba su sama har tsayin kilomita 30 da ɗoriya, kusan ninki uku na inda jiragen fasinja ke tashi.

Game da ranar kanta, an daɗe ana cewa 24 ga Agusta, bisa kwafin wasiƙun. Amma an tono rumman da sauran 'ya'yan itatuwan kaka, da kaskon jin ɗumi a ɗakuna, kuma a 2018 aka ga wani rubutu da gawayi a bangon wani gida mai ɗauke da kwanan watan da ya yi daidai da 17 ga Oktoba. Shi ya sa masana da yawa yanzu suka karkata ga ƙarshen Oktoba.

Iska a ranar kudu maso gabas take kaɗawa, kai tsaye kan Pompeii, mai nisan kimanin kilomita 10 daga bakin dutsen. Sai rana ta ɓace, aka fara ruwan tsakuwa. Tsakuwar irin dutsen nan ce mai huji-huji mara nauyi da ake goge kaushi da shi, kumfar narkakken dutse da ta daskare a sama. Ɗaya ba ta kisa. Amma tana zuba kimanin santimita 15 kowace awa, ba tsayawa, haɗe da wasu duwatsu masu nauyi da aka fizgo daga maƙogwaron dutsen. A nan nake so mai karatu ya sa kansa a matsayin maigida a Pompeii. Waje duhu ne, duwatsu na faɗowa daga sama, ƙasa na rawa, titi ya cika da abin da ƙafa ke nutsewa a ciki. Kana da tsohuwa da ba ta iya tafiya, ko matar ɗa mai tsohon ciki, kana da rufi mai ƙarfi a kanka. Shiga ɗaki a jira abin ya lafa ba wauta ba ce, shawarar mai hankali ce bisa abin da ido ke gani. A wani gida an tono mutum goma sha biyu a tare, cikinsu har da wata matashiya mai cikin da ya kusa haihuwa. Tsakuwar ta taru har kusan mita uku, rufin gidaje suka fara ruftawa, ƙofofi suka toshe. Daga cikin gawarwaki kimanin 1,150 da aka gano a garin, wanda ake ƙiyasta mazaunansa da 11,000 ko fiye, kusan 400 a cikin wannan tsakuwa aka same su, mafi yawa rufi ne ya danne su.

Herculaneum, ƙaramin garin masu hali a bakin teku yamma da dutsen, ya fi Pompeii kusa da shi, amma da yake iska ba can ta nufa ba, 'yar toka kaɗan ce ta sauka masa da rana. An daɗe ana zaton mutanensa duk sun tsere, don an tono gidajen ba gawarwaki. Sai a farkon shekarun 1980, da aka tono tsohon bakin tekun, aka tarar da su: kimanin mutum 300, maza da mata da yara, cunkushe a rumfunan dutse da ake ajiye kwale-kwale da kuma kan rairayi, wasu da 'yan kuɗinsu da makullan gidajensu, ga wani soja da takobinsa. Jiran jirgi suke yi.

Abin da ya same su shi ne ainihin makamin Vesuvius, kuma ba narkakken dutse mai kwarara ba ne, wanda ko kaɗan bai shiga garuruwan nan ba a ranar. Ginshiƙin toka da ya tashi sama zafi ne ke ɗauke da shi: yana zuƙar iskar kewaye, ya zafafa ta, ya yi rashin nauyi ya hau. Da bakin dutsen ya ƙara faɗi, abin da ke fitowa ya fi ƙarfin iskar da za ta ɗaga shi, sai ginshiƙin ya karye ya zubo. Toka da gas da gutsattsarin dutse masu zafin ɗaruruwan digiri suka gangaro jikin dutsen kamar ambaliya, da gudun da ya fi na mota a kan babbar hanya. Cikin dare ta farko ta iso Herculaneum a 'yan mintuna. Masana na ƙiyasta zafinta a can da digiri 400 zuwa 500. A wani gini an samu gawar wani saurayi kwance a kan gadon katako, kuma a 2020 aka bayyana cewa wani baƙin abu mai ƙyalli da aka samu a ƙoƙon kansa ƙwaƙwalwarsa ce ta zama gilashi. Ambaliyar ta yi ta zuwa bi da bi har ta binne garin a zurfin kimanin mita 20, ta tura bakin teku gaba da ɗaruruwan mitoci.

A Pompeii, gab da wayewar gari, ruwan tsakuwar ya sassauta. Ga wanda ya kwana a ɗaki yana addu'a, wannan sauƙi ne. Mutane suka fara fitowa ta tagogin bene da rufin da ya ɓurme, suna tafiya a kan tsakuwar da ta kai tsayin katanga, suna neman ƙofofin gari. Ba su da hanyar sanin cewa sassaucin alamar karyewar ginshiƙin ne. Da safe ambaliyar ta tsallake ganuwar arewa ta ratsa garin. Kimanin gawarwaki 650 a cikin tokarta aka same su, a saman tsakuwar, da yawa a kan titi, fuskarsu ta nufi waje. Su ne mutanen hotunan nan. Har yau masana na muhawara kan ko zafi ne ya kashe su nan take ko shaƙar toka ce cikin 'yan mintuna. Kuma ya kamata a yi hattara da labaran da ake laƙaba musu: wasu siffofi da aka shekara da shekaru ana cewa uwa ce da ɗanta a cinya, binciken ƙwayoyin halitta da aka wallafa a 2024 ya nuna namiji ne, kuma ba shi da dangantakar jini da yaron. Ni wannan ya fi taɓa ni. Wani mutum ne ya ɗauki ɗan wani.

Pliny Babba bai tsira ba. Da farko ya so ya matsa kusa don nazari, sai saƙon neman agaji ya iso daga wata mata mai suna Rectina da ke zaune gindin dutsen, ya fitar da manyan jiragen yaƙi don kwaso mutane. Tsakuwa da tarkace suka hana shi matsawa gaɓa, ya juya zuwa Stabiae wurin abokinsa Pomponianus. Can suka kwana har tsakar gida ta kusa cika, suka ɗaura matasan kai a ka suka fita bakin teku, igiyar ruwa ta hana tashi. A nan ya faɗi, da ma yana da ciwon numfashi. Bayan kwana biyu aka samu gawarsa ba rauni, kamar mai barci. A Misenum kuwa ɗan ƙanwarsa ya ga teku ta ja da baya ta bar halittun ruwa a kan yashi, ya ga baƙin gajimare ya sauko ya rufe teku yana bin su a ƙasa. Mahaifiyarsa ta roƙe shi ya bar ta ya gudu, ya ƙi, ya riƙe hannunta. Duhun da ya rufe su ya ce irin na ɗakin da aka kulle aka kashe fitila ne, ba ka jin komai sai kukan mata da yara da mutane na kiran sunayen 'yan'uwansu. Ƙarnoni da yawa masu karatu ba su fahimci wannan gajimare mai bin ƙasa ba, sai a 1902 da dutsen Pelée a tsibirin Martinique ya aiko irinsa ya hallaka kimanin mutum 28,000 a garin Saint-Pierre.

Sarki Titus, wanda bai fi 'yan watanni a kan mulki ba, ya naɗa manyan jami'ai biyu su kula da farfaɗo da yankin, ya ba da umarnin a yi amfani da dukiyar waɗanda suka mutu ba magaji wajen aikin. Waɗanda suka tsira suka watsu zuwa Napoli da Cumae da Puteoli, inda ake ganin sunayen iyalan Pompeii a kan kaburbura. Garuruwan kuwa, har da Stabiae da Oplontis, aka bar su a ƙasa. Sai a 1709 masu haƙa rijiya suka faɗa kan gidan wasan Herculaneum. Aka fara tono na hukuma a can a 1738, a Pompeii kuma a 1748. Abin da ya kashe su shi ya adana su: burodi 81 a tanderun wani mai gidan burodi, tallan 'yan takara a bango, gadon jariri na katako da ya zama gawayi, da naɗaɗɗun takardu kimanin 1,800 a wani katafaren gida a Herculaneum, waɗanda sai a 2023 aka fara karanta cikinsu da na'urar ɗaukar hoton ciki da kwamfuta ba tare da an warware su ba.

Dutsen bai canja hali ba. Bayan wata doguwar shiru ya fashe a ranar 16 ga Disamba 1631, ya kashe aƙalla mutum 3,000. Daga nan maƙogwaronsa ya zauna a buɗe shekara 300 da ɗoriya, yana aman wuta akai-akai amma da sauƙin ƙarfi, don gas na samun hanyar fita. A cikin wannan zamani ne, a 1841, aka gina masa cibiyar sa ido a jikinsa, wadda ita ce mafi tsufa irinta a duniya. Aman 1906 ya kashe fiye da mutum 100, kuma asararsa na cikin dalilan da suka sa Rum ta haƙura da wasannin Olamfik na 1908 aka kai Landan. Na ƙarshe ya zo a Maris 1944, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, ya cinye mafi yawan garuruwan San Sebastiano da Massa, ya lalata jiragen saman yaƙin Amurka da dama da ke ajiye a kusa. Tun daga nan maƙogwaron ya toshe. Shekara 80 da ɗoriya ke nan, shiru mafi tsawo tun 1631.

Bambancin yau da shekara ta 79 shi ne akwai masu karanta alamun. Na'urori suna auna kowace ƙaramar girgiza, da kumburin ƙasa, da irin gas ɗin da ke fita daga ramin, dare da rana, kuma a halin yanzu ma'aunin haɗarin yana matakin ƙasa. Amma yawan mutanen ya ninka ba iyaka. Yankin da hukuma ta shata da ja, inda ambaliyar toka za ta iya kaiwa, ya ƙunshi ƙananan hukumomi 25 da mutane kimanin 700,000. Tsarin gaggawa ya tanadi kwashe su duka cikin awa 72 kafin fashewa, kowace ƙaramar hukuma an haɗa ta da wani lardin Italiya da zai karɓi mutanenta, kuma an gina tsarin ne bisa fashewa mai girman ta 1631, ba ta 79 ba. A 2003 gwamnatin Campania ta yi tayin Yuro 30,000 ga iyalin da ya yarda ya bar yankin. Kaɗan ne suka karɓa, kuma ba na ganin laifinsu: nan ne gida, nan kaburburan iyaye suke, nan gonar tumatir da inabi take.

Wanda ya sauka cikin kufan Herculaneum a yau, ya tsaya gaban rumfunan kwale-kwalen nan ya ɗaga kai, zai ga bangon daskararriyar toka mai tsayin bene shida. A bisa bangon gidajen garin Ercolano ne, da shanya a baranda da yara na dawowa daga makaranta. Mafi yawan tsohon garin yana nan ƙarƙashin ɗakunansu ba a tono shi ba, dutsen kuma yana bayansu, tazarar kilomita bakwai.